Ogan ɗin Baitalami: neman maƙerin da bai bar suna ba

Ogan kayan kiɗa ne na majami'a: jerin bututu da ake hura wa iska da zugazugi, kowanne da muryarsa. Wanda masana ke ɗauka mafi tsufa a duniyar Kirista an tono shi ne a 1906 a Baitalami, garin da yau ke Gaɓar Yamma da Kogin Jordan ƙarƙashin mamayar Isra'ila. Ma'aikata na haƙa harsashin masaukin maziyarta kusa da Cocin Haihuwar Annabi Isa sai suka ci karo da bututu 222 da wasu ƙararrawa.

An ƙera shi a Faransa a ƙarni na 11. 'Yan Salibiyya suka kawo shi Falasɗinu a ƙarni na 12, a ƙarni na 13 kuma limamansu suka binne bututun kafin a kore su, da fatan komowar da ba ta yiwu ba. Bayan tonowa ma, kayan sun shafe fiye da shekara ɗari a hannun limaman ɗariƙar Faransiskan a Birnin Ƙudus ba tare da an kula da su sosai ba.

Wa ya ƙera shi? Maƙerin bai rubuta sunansa ba, don haka ƙarfen ne kaɗai shaida. Tun 2019 David Catalunya, masanin kiɗa ɗan Sifaniya, ke nazarin bututun ɗaya bayan ɗaya. A jikinsu ya samu layukan awo da mai aikin ya zana da hannunsa, da alamomin da ke nuna muryar kowane bututu. Wannan ya fi sa hannu amfani ta wata fuska, domin ya bayyana lissafin da mutumin ya bi wajen yanke tsawon bututun. Da waɗannan alamomi maƙerin ogan ɗan Holan, Winold van der Putten, ya ƙera kwafinsu.

Ana cikin gwaji aka tarar takwas daga bututun asali na fitar da sauti ba tare da gyara ba. A watan Satumba na 2025 Catalunya ya kaɗa su a gaban jama'a a Birnin Ƙudus, bayan shirun kusan shekara 800. Gidan tarihi na Terra Sancta ne ke riƙe da su.