Kuɗin Gudanar da Jami'ar Sule Lamido, Kafin Hausa

Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, a masarautar Haɗejiya, mallakar gwamnatin Jihar Jigawa ce. An kafa ta a 2013 bisa dokar Majalisar Dokokin jihar da sunan Jami'ar Jihar Jigawa, aka sauya mata suna a 2014.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba tarayya da jihohi duka ikon yin doka kan ilimi mai zurfi, shi ya sa jami'ar ke amsa wa iyayen gida biyu. Albashin malamai da kuɗin hidimar yau da kullum daga kasafin jihar suke fitowa, wanda majalisa ke amincewa da shi a Dutse kowace shekara. Amma amincewa daban, sakin kuɗin daban, kuma baitulmalin jihar ya dogara ƙwarai da kason da ake rabowa daga Abuja.

Ta ɓangaren tarayya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce ke tantance kwasa-kwasai, JAMB kuma ke tsara shigar ɗalibai. Sai asusun TETFund: dokarsa ta 2011 ta ɗora harajin kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, aka kai shi kashi 3 a 2023. Da kuɗin asusun ake gina ɗakunan lacca da na gwaje-gwaje, ake tura malamai ƙaro karatu. Ba a biyan albashi da shi.