Maƙeri Ya Riga Sarauniya

Idan an tambayi ɗan makaranta a Hanwa ko Tudun Wada inda labarin ƙasar Zazzau ya soma, nan da nan sai ya ce daga Sarauniya Amina. Ba laifinsa ba ne, gama ita aka fi yi wa waƙa da kirari. Amma ku sani, ya ku yara, akwai abin da ya riga ta da shekaru wajen 2,000, wanda in ba dominsa ba, da ba a gina ko taku ɗaya na ganuwarta ba. Wannan abu kuwa shi ne ƙarfe.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, can kudancin tsohon Lardin Zazzau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba wanda ya kula da shi ƙwarai. Sai a 1943 aka kai wa wani Bature mai binciken kayan mutanen dā, Bernard Fagg, wani kan irinsa daga wajen Jama'a. Mai shi ya riga ya kafa shi a gonarsa ta doya don tsorata dabbobi! Da Fagg ya gwama su biyun, ya ga aikin al'umma ɗaya ne, sai ya sa mata sunan Nok. Daga baya, a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, aka tono murahun da mutanen nan suke narka tama, tun shekara 400 ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa, watau zamanin da Rum ba ta wuce birni guda da ƙauyukan kewayensa ba.

Ku tsaya ku dubi wahalar wannan aiki. Sai mutum ya san dutsen da ke da tama cikin duwatsu, ya ƙona itace ya sami gawayi, ya gina murhu na laka, ya jera tama da gawayi hawa-hawa, sa'an nan a yi ta hura wuta har kashin maƙera ya tsiyaye, ƙarfe ya dunƙule a ƙasa. Bayan wannan kuma ga dukan ƙira. Wanda ya fara gane wannan, a ganina, ya fi mayaƙa da yawa cancantar kirari, ko da yake sunansa ya ɓace. Da gatarin ƙarfe aka sare kurmi, da fartanya da galma hatsi ya yawaita, har jama'a ta sami rarar da za ta ciyar da magina da dakaru.

To, yanzu mu zo ga Amina. Tarihin Sarakunan Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi sarauta daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, ta kuwa shekara 34 tana yaƙe-yaƙenta. Zazzagawa su kuma suna cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wadda aka ɗora farkon sarautarta a 1536. Ko wanne aka bi, ana cewa inda ta yada zango sai ta sa a kewaye shi da garu, shi ya sa har yau ake kiran tsofaffin garuka ganuwar Amina. Kowane kwandon ƙasa da aka ɗora a kansu, da ƙarfe aka haƙo shi, haka kuma mashin da ya tsare maginan.

Gidan sarauta da kansa ya yi ƙaura. Daga Turunku, kudu da nan, aka matso gindin Dutsen Kufena, inda kufan garu ke nan har yanzu, kāna aka zauna a birnin Zariya, wanda ake cewa sunan ƙanwar Amina ya ci. Ganuwarsa ce mai fitowa daga Tudun Wada yake ratsawa a Ƙofar Doka.