Fadamar da Ta Daɗe Tana Cika wa Kano Albashi

A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000 a wata. Dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka matashin da ya baro Guri ko Kirikasamma ya sami aikin gadi, ko tsaron kanti, ko koyarwa a ƙaramar makarantar kuɗi a Kano, sau da yawa abin da yake karɓa bai ma kai hakan ba. Da shi zai kama ɗaki, ya ci, ya sha, ya hau Adaidaita Sahu, ya kuma aika wa iyaye. Duk ta inda aka juya lissafin, ba ya fita.

Dattawa kan ce a zamaninsu albashi yana isar mutum. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Ƙaramin albashi bai taɓa ɗaukar rayuwar mutum shi kaɗai a Kano ba. Abubuwa biyu ne suke tallafe da shi: zaure a birni, da fadama a gida. Tarihin yadda waɗannan biyun suka raunana shi ne tarihin tsadar zaman kaɗaici a yau.

Cin rani da jirgin Nguru

Bayan Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, inda Sarki Muhammadu ya yi shahada, haraji ya koma na tsabar kuɗi, kuma dole kowane magidanci ya nemo su. Layin dogo ya iso Kano a 1911, sannan a 1930 aka kai shi Nguru, ya ratsa ta Ringim da Malam Madori da Birniwa. Don gyaɗa da fatu aka shimfiɗa shi, amma ya ɗebi mutane ma. Tafiyar da ake kwana da kwanaki ana yi a ƙasa ta koma ta yini guda.

Mutumin ƙasar Guri ba da yunwa yake shiga jirgin ba. A can kogin Haɗeja yake rarrabuwa rassa rassa, ya malale ƙasa da damina. Ana shuka shinkafa a cikin ruwan. Idan ya fara janyewa a kama kifi a ƙyafe, a shuka wake da albasa da barkono a danshin da ya bari, shanun Fulani kuma su sauko kiwo. Wanda ya tafi cin rani ya bar rumbu a bayansa. Kuɗin haraji yake nema, da na tufafi, da na aure. Zai yi dako a Kurmi, ko ɗaukar buhunan gyaɗa a wajen dala, ko sayar da ruwa, ko leburancin gini, da hadari ya fara haɗuwa kuma ya kama hanyar gida.

A birnin ma ba kama ɗaki yake yi ba. Ɗan kasuwa yana sauka wurin fatoma a Fagge, gardi yana bin malaminsa, sauran kuma su raɓa a zauren wani mutumin garinsu ko wani attajiri. Da dare a fito da tuwo, kowa ya sa hannu. Abin da baƙo yake biya shi ne aike, da gadin ƙofa, da biyayya. Zaman mutum shi kaɗai abin zolaya ne ma: har yau Kanawa suna da al'adar Nalako, wanda yake kamun gwauraye da azumi.

Albashin gwauro

Gwamnatin mulkin mallaka ta san da wannan tsari, ta kuma jingina da shi. Ladan lebura akan auna shi ne da abin da zai riƙe namiji guda, bisa zaton cewa mata da yara suna ƙauye, gona tana ciyar da su, kuma can zai koma idan ciwo ko tsufa ya zo. Tsadar kaya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta tona asirin wannan lissafi, har aka yi yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya wuce kwana 40, Michael Imoudu na cikin jagororinsa. An sami ƙarin alawus na tsadar rayuwa, amma tushen lissafin bai sauya ba.

Ɗakin haya ya yaɗu ne tare da masana'antu. Ƙidayar 1952 ta sami mutum kimanin 130,000 a Kano. Da aka kafa kamfanoni a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa, unguwanni irin su Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata suka cika da gidajen haya masu ɗakuna a jere. Masanin zamantakewa Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikin ma'aikatan kamfanonin Kano a shekarun 1970, ya tarar da yawansu mutanen karkara ne da suka taso ta hanyar karatun allo, kuma burin mafi yawansu su tara jari su koma kasuwanci. Su ne suka yi bore a 1971 da wasu kamfanoni suka yi nawar biyan ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya bayar. Duk da haka ba su yanke da gida ba. Ɗaki ɗaya mutum biyu ko uku suke raba shi, kuma duk wanda ya je ganin gida da guzurin hatsi yake dawowa.

Shekarar 1974

Abubuwa biyu sun faru a 1974 waɗanda ba a cika haɗa su a zance ɗaya ba. A shekarar kwamitin Jerome Udoji ya miƙa rahotonsa, wanda ya ninka albashin ƙananan ma'aikatan gwamnati. Aka biya da ariyas a farkon 1975, kasuwa ta amsa nan take, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar. A 1974 ɗin ne kuma aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, zamanin Gwamna Audu Bako. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Kogunan nan biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja.

An gina madatsun ne don noman rani a yankin Kura da Kadawa, da kuma shayar da birnin Kano. Ruwan famfon da ake tacewa a Tamburawa da Challawa rabon fadama ne aka tsare a sama. Ga kuma farin shekarun 1970 da na 1984. Faɗin ƙasar da ambaliya take rufewa ya ragu ƙwarai. Sai wata matsalar ta biyo baya: ruwan da ake saki daga madatsun yana gudana har da rani, hanyoyin da suka saba bushewa suka daina, ciyawar kacalla ta sami wurin zama. Ta toshe rassan kogi, ta karkatar da ruwa zuwa mashigar Marma, wasu gonaki suka nutse shekara da shekaru, wasu kuma ruwa ya daina kai musu. Komar masunci ba ta shiga kacalla, jan baki kuwa a cikinta yake kwana kafin ya faɗa wa shinkafa.

A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka auna abin da fadamar Haɗeja da Nguru take samarwa na amfanin gona da kifi da itace. Suka tarar cewa, idan da yawan ruwa za a auna, amfanin fadamar ya ninka na aikin noman rani na kogin Kano nesa ba kusa ba. Manoman yankin ba su zauna ba. Sun rungumi injin ban ruwa, musamman bayan an hana shigo da alkama a 1987. Sai dai inji fetur yake sha, ambaliyar da take zuwa a kan lokacinta kuwa kyauta ce.

Zaure ya zama get

A birni ma ƙofa tana rufewa. Kuɗin man fetur ya kawo gidan bulo mai katanga da get, wanda ba shi da wurin baƙo. Rikicin Maitatsine na Disamban 1980 ya sa magidanta tsoron saukar da wanda ba su san asalinsa ba, hare-haren Janairun 2012 suka ƙara wa tsoron ƙarfi. A 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni, sana'ar da sabon zuwa yake fara riƙewa kafin ya sami gindin zama. Mutane kuwa ba su daina zuwa ba. A ƙidayar 2006, Kano da kewayenta sun haura miliyan biyu da rabi.

Yau mai neman ɗaki kuɗin shekara zai biya a dunƙule, ya sallami dillali, sannan ya amsa tambayar da masu gida suka saba yi: kana da iyali? Da yawa ba sa ba gwauro haya. Malamar asibiti ko ta makaranta da aiki ya kawo ta birni ba aure, nata ya fi wuya.

Albashin kansa ya zaizaye. Dokar farko ta 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta sa Naira 125, kusan dala 200 a canjin gwamnati na lokacin. Ya zama 18,000 a 2011, sannan 30,000 a 2019. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu, a shekarar da hauhawar farashin abinci ta taɓa kashi 40. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya daki gefe biyu lokaci guda: kuɗin mota a Kano, da kuɗin ban ruwa a Guri. Buhun da yake zuwa daga gida ya ragu, saƙon neman taimako ya ƙaru, musamman bayan ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja.

Dabarun da ma'aikaci yake yi yanzu duk ƙoƙarin maye gurbin zaure ne. Mutum huɗu su haɗa kuɗin ɗaki da tukunya ɗaya. Wani ya kwana a shagon maigidansa. Wani ya shiga adashi don ya tara kuɗin haya, mai shayi ya riƙa rubuta masa bashi zuwa ƙarshen wata. Wani ya koma gefen gari inda ɗaki yake da sauƙi, abin da ya rage kuma ya ƙare a kuɗin mota. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a Kano aka fara sanin haka ba.

Duk lokacin da ƙungiyar ƙwadago da gwamnati suka zauna, a kan lamba ɗaya ake ja-in-ja. Lambar tana da muhimmanci, amma rabin zancen ce. Yashe mashigar Marma, da cire kacalla, da tsara sakin ruwan Tiga da Challawa yadda zai dace da lokacin shukar mutanen ƙasa, su ma maganar albashi ce. Idan shinkafa ta yi a Guri, ɗan Guri da yake gadi a Sharaɗa ba zai raba Naira 70,000 ɗinsa gida biyu ba, kuma wataƙila ƙaninsa ba zai biyo shi ya ƙara cunkoso a ɗakin ba.