Tafkin Cadi Da Ƙasashe Huɗu Da Suka Haɗa Kai A Kansa

Ran 22 ga Mayu, 1964, shugabanni huɗu suka taru a Fort Lamy, garin da yanzu a ke kira Njamena. Su ne Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya, da Diori Hamani na Nijar, da Ahmadu Ahijo na Kamaru, da mai masaukinsu Tombalbaye na Cadi. Suka sa hannu a takardar kafa Hukumar Tafkin Cadi. Babban alkawarin da ke ciki shi ne, kada wata ƙasa ta yi wani aiki da zai taɓa ruwan tafkin ko kogunansa sai ta sanar da Hukuma tukuna.

A lokacin nan tafki a cike ya ke, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Amma shi ruwa ne na faranti, ba shi da zurfi, rana kuwa takan shanye wajen mita 2 daga samansa kowace shekara. Abin da ke mayar masa shi ne kogin Shari da Logon, waɗanda ke kawo kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan da ke shiga cikinsa. Komadugu Yobe, wanda ke ɗauke da ruwan Kano da Haɗejiya da Jama'are, ɗan kaɗan ya ke ƙarawa. Ka ga ke nan masuncin Baga, arzikinsa yana rataye da damunar da ta faɗi can kudu mai nisa, a ƙasar da bai taɓa takawa ba.

To, sai fari ya zo. A 1973 tafki ya rabu biyu, tudu ya fito tsakanin kashin arewa da na kudu. Da aka sake yin wani fari a 1984, abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 na dā ba.

A nan ne aka ga amfanin ilmi, aka kuma ga hasarar rashinsa. Nijeriya ta kashe kuɗi mai yawa ta haƙa babbar hanyar ruwa daga tafki zuwa gonakin Marte a Barno, don a noma alkama da shinkafa. An yi lissafin aikin bisa ga shekarun da ruwa ya yi yawa. Aka buɗe shi a 1979, ba a daɗe ba tafki ya janye ya bar bakin hanyar a kan busasshiyar ƙasa. Alhali kuwa tun wajen 1908 wani Bafaranshe mai suna Tilho ya tarar da arewacin tafkin a bushe, ya kuma rubuta. Labarin yana nan cikin littattafai, masu lissafi ne ba su ba shi nauyinsa ba.

Alkawarin 1964 ma bai hana kowa yin abin da ya ga dama ba. Aka gina madatsar Tiga a Kano a 1974, fadamar Haɗejiya da Nguru ta ragu. Kamaru ta datse ruwa a Maga a 1979, makiyaya da masunta na fadamar Waza suka sha wuya, har sai da aka sake buɗe musu ruwa a 1994. Da tafki ya ja baya mutane suka bi shi, suka kafa ƙauyuka a inda dā ruwa ne, ba wanda ya san ko ƙasar wa ya ke ciki. Rigimar Darak tsakanin Nijeriya da Kamaru sai da ta kai kotun duniya, aka yanke hukunci a 2002. Abin yabo a nan shi ne, awon iyaka da Hukumar ta sa aka yi ya taimaka wajen raba gardamar.

Farin nan ya koya wa ƙasashe cewa ba su da isassun 'ya'yansu masu awon ruwa da sama. Yawancin lissafin da a ke da shi Turawan Faransa ne suka tara. Saboda haka ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, inda a ke koya wa samari awon ruwan sama da na kogi, da hangen yadda damuna za ta kasance. Nijeriya kuma ta buɗe cibiyar binciken Tafkin Cadi a Maiduguri.

Har yanzu masana ba su daina gardama ba. Waɗansu sun ɗora laifin ƙafewar a kan noman rani, waɗansu suka ce ƙarancin damuna ne babban dalili, kuma bisa ga awon kogin Shari maganar na biyun ta fi ƙarfi. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna tun bayan 1990 tafkin ya daina raguwa, har ya ɗan farfaɗo, sai dai ruwa da yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi. Wannan gardama ba ta banza ba ce, gama a kanta ne za a tsai da shawara ko ya kamata a jawo ruwa daga kogunan ƙasar Kwango, aikin da aka tattauna a taron Abuja na 2018, wanda zai ci dukiya mai ɗimbin yawa.

Hukumar ta ƙaru da Afirka ta Tsakiya, sa'an nan Libiya a 2008. A 2012 shugabanni suka amince da sabuwar dokar rabon ruwa a Njamena. Amma tun da fitinar Boko Haram ta mamaye bakin tafkin, akwai tsibirai da mashigai da yawa inda ma'aikacin awo ba ya iya zuwa ya karanta ma'auni.