Ma'aikatan da dokar kulle ta ware: wa ke kare lafiyarsu?

A ranar 30 ga Maris, 2020, dokar kulle da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa Legas, Ogun da Abuja saboda annobar korona ta fara aiki. Dokar ta ware wasu ayyuka da aka ce rayuwa ba za ta yiwu sai da su: asibitoci, sarrafa abinci da jigilarsa, man fetur, wutar lantarki da tsaro. Da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi daga baya, manyan motocin abinci sun ci gaba da wucewa.

A kudancin Katsina, wannan rukuni ya ƙunshi talakawa ne zalla. Yankin Funtua da Malumfashi, har zuwa Bakori, Ɗanja, Kafur da Ɗandume, na cikin rumbunan masara, dawa, waken suya da auduga na Arewa. Ma'aikacin gwamnati ya zauna a gida albashinsa na shiga, attajiri ya yi ciniki ta waya. Ɗan dako kuwa, da mai awo, da yaron mota, da ɗan ƙwadago a gona, ranar da bai fita ba, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa. Mai ɗaukar buhun masara a kasuwar Ɗandume ba shi da halin ba da tazara, tunda sai wani ya ɗora masa.

Iyakar abin da hakan ke iya haifarwa ta bayyana a Kano. A watan Yunin 2020, 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga kamfanin casar shinkafa na Popular Farms. Ma'aikatan sun ce an hana su fita tun ƙarshen Maris, an yi musu alƙawarin ƙarin albashi, an kuma yi wa mai son tafiya barazanar kora.

A rubuce dai akwai kariya. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta tsafta, wadatacciyar iska da hana cunkoso a wurin aiki. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta umarci masu ɗaukar aiki su zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki. Sai dai ana cin gajiyarsu ne idan akwai rajista da takardar ɗaukar aiki, abin da ɗan dako bai taɓa riƙewa ba.

Dokar Mafi Ƙarancin Albashi ta 2019, wadda ta ƙayyade naira 30,000, ba ta ma ɓoye ba: ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin gona na lokaci-lokaci, da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Kusan duk wanda ya loda hatsin Funtua a mota a watannin kulle yana cikin ɗaya daga rukunan nan uku.