Cire tabon gumi daga siliki

Tabon gumi shi ne alamar da zufa ke bari a jikin tufa bayan ta bushe, galibi a hammata, wuya da baya. A kan siliki yakan fito rawaya-rawaya, ko kuma ya kashe launin rinin wurin. Kalmar siliki aro ce daga Turanci. Tsohuwar kalmar Hausa ita ce alharini, daga Larabci.

Abin da ke kawo shi

Zaren siliki furotin ne da tsutsar siliki ke saƙawa, don haka ya fi kusa da gashi da ulu fiye da auduga. Gumi kuwa ruwa ne da gishiri da yuriya da ɗan maiƙo. Sabon gumi yana da ɗan tsami kaɗan, amma idan ya jima a tufa ƙwayoyin bakteriya sukan mayar da yuriyar zuwa amoniya, sai ya koma mai kaifi irin na kanwa. Wannan kaifin ne ke raunana zaren har ya riƙa yagewa. Man hana gumi da ake shafawa a hammata, mai sinadarin alminiyam, yana ƙara rawayar. Saboda haka tabon kwana ɗaya yakan fita da sauƙi, na wata shida kuma wani lokaci ba ya fita sam, domin zaren kansa ne ya canza.

Yadda ake cirewa

Da farko a duba takardar da ke ɗinke a jikin rigar, sannan a gwada ruwa a wani ɓoyayyen gefe a ga ko rinin zai zuba. Idan bai zuba ba, a gauraya farin ruwan kal da ruwan sanyi daidai wa daida, a jiƙa farin ƙyalle a riƙa danna wurin a hankali. Ba a cuɗawa, domin siliki yana rage ƙarfi idan ya jiƙe, kuma gurza tana kashe sheƙinsa. Bayan 'yan mintuna sai a wanke rigar gaba ɗaya da sabulun ruwa mai sauƙi, a ruwan da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Wanke wurin tabon kaɗai yakan bar zoben ruwa. A ɗauraye, a naɗe cikin tawul ya tsotse ruwan, a shanya a inuwa.

Abubuwan da ke ɓata shi

A nan ne aka fi yin asara, saboda abin da ke farar da auduga shi ke kashe siliki. Bilic mai kulorin yana narkar da zaren. Kanwa, toka da sabulun salo duk suna da kaifi. Garin sabulun wanki mai sinadarin enzayim an yi shi ne don ya cinye tabon furotin, kuma ba ya bambanta tabo da zare. Ruwan zafi da dutsen guga suna kama tabon ya zauna daram, rana kuma tana ƙara masa rawaya.

Tufa mai tsada ko mai aikin hannu, kamar babbar rigar da aka yi wa ado da zaren tsamiya, gara a kai ta wurin ƙwararrun masu wanki, a kuma nuna musu wurin tabon, domin sinadarin wankin da ba na ruwa ba yana cire maiƙo ne, ba ya narkar da gishirin gumi.