Masu Tsaron Matan Fada: Tarihin Su da Saukar Baƙi a Argungu

A garin Argungu na Jihar Kebbi akwai gidajen da suka gaji ayyuka biyu a haɗe, wato tsaron ruwa da saukar baƙo. A kan gaba akwai gidan Makwashe, Sarkin Ruwan da ke riƙe da kogin Matan Fada, da gidan Homa shugaban masunta, sannan makaɗa da 'yan kokawa da 'yan dambe da matuƙa kwalekwale, dukkansu a ƙarƙashin inuwar Sarkin Kabin Argungu. Duniya ta san su ne ta dalilin Bikin Kamun Kifi na Argungu, wanda akan shafe kwana huɗu ana yi tsakanin ƙarshen Fabrairu da watan Maris. Babban sun da baƙi ke tururuwar gani bai cika wuce sa'a guda ba. Ragowar shekarar kuwa, aikin mutanen nan shi ne hana kowa jefa ko da ƙugiya a wannan yanki na kogin.

Kabawa mutanen gulbi ne tun asali. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, jarumi ne da ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, bayan sun saɓa kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Ya gina birninsa a Surame, wanda har yau kufansa da ganuwarsa ta duwatsu ke nan a cikin Jihar Sakkwato. Ƙarfin daular ya dogara ga fadamar Gulbin Kabi, inda ruwan Rima da na Sakkwato ke haɗuwa su malala kan ƙasa kowace damina, su bar shinkafa da kifi idan sun janye. A farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kebbi.

A can ta zauna har 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka yi ta ƙaura har suka kafe a Argungu. Masu hikaya kan ce sunan garin ma daga kiran a yi gungu ya samo asali, wato a taru wuri guda. An kashe Sarki Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya yi shekaru a fadar Sarkin Musulmi, rabi baƙo rabi fursuna. Da aka sallame shi ya dawo gida, sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya. In ban da 'yar sararawar da aka samu tsakanin 1867 da 1875, wadda ake kira Lafiyar Toga, takobi bai koma kube ba tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato sai da Turawa suka shigo.

Duk wannan yana da muhimmanci ga mai son fahimtar abin da ya faru a 1934. A shekarar ce Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarki Muhammadu Sama ya sauke shi. Jikan masu jihadi ne ya zo kwana a gidan waɗanda suka yi kusan shekara ɗari suna yaƙar kakanninsa. To, da me za a karrama irin wannan baƙo? Hawan dawaki dai ba zai burge mai Sakkwato ba, don ya fi kowa doki. Dambe da kokawa kuma akwai su ko'ina a ƙasar Hausa. Abin da Kabawa ke da shi wanda baƙon ba ya da shi a gida shi ne ruwa da gwanintar shiga cikinsa. Sai aka tara masunta aka yi gagarumin su a gabansa. Daga wannan saukar baƙo ake ƙidaya tarihin bikin na yanzu.

Sai dai ba a ranar aka ƙirƙiro sun ba. Tun kafin nan Kabawa na da al'adunsu na shekara-shekara: gyaran ruwa, da fashin ruwa, da gyaran gari, da shan kabewa. Gyaran ruwa shi ne neman lafiyar gulbi kafin a shiga, da yanka da roƙon iskokin da aka yi imani suna zaune ciki. Fashin ruwa kuwa shi ne buɗe kamun kifi na shekara, ranar da sarki ya ba da izini. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya rubuta bayanin masuntan Kabi da tsarinsu a wata maƙala da aka buga a Ingila a 1942. Idan aka cire maganar iskoki, abin da ya rage dabara ce ta kiwon kifi: a rufe gurbi mai zurfi inda kifi ke taruwa idan ruwa ya janye da rani, a bar shi ya hayayyafa ya girma, sannan a buɗe wa kowa rana guda, kada wani ya riga wani. 

Shi ya sa kayan aikin ma aka taƙaita su. Ba a shiga Matan Fada ranar biki da taru ko birgi ko mamari. Homa ce kawai, ragar hannu mai baki biyu da ake buɗewa kamar fukafukai, sai babban gora mai huda a sama, wanda masunci ke kwanciya a kai ya yi iyo, ya kuma zuba abin da ya kama a ciki. Ana harba bindiga, sai dubban mutane su kwararo daga gaɓa da gudu, ƙura ta tashi, ruwa ya koma kunun laka. Makaɗa na cikin kwalekwale suna zagayawa, ana kaɗa goruna masu tsakuwa don a firgita kifi ya nufo tudu. Kowa burinsa giwar ruwa. Wanda ya dace da babba, sai abokai su taya shi ciccibo ta zuwa ma'auni a gaban sarki. Game da kadoji, mutanen gari sun yi imani cewa Makwashe ne ke sallamar su kafin ranar, su kauce har a gama. Baƙo na iya murmushi, amma ba shi ne zai shiga ruwan ba.

Kafin babban su akwai kabanci, kalmar da ke nufin karin harshen Kabawa, take kuma nufin wasanninsu na ruwa: tseren kwalekwale, da nutso, da lalube, wato kamun kifi da hannu zalla, da kamun agwagwar ruwa. Da dare kuma fili ya koma na 'yan kokawa da 'yan dambe. A kabanci ne yaran masunta ke nuna abin da suka koya wurin iyaye, kuma mai son ganin ainihin gwaninta ya fi samunta nan fiye da cikin turmutsitsin ranar ƙarshe.

Irin wannan lamari, na mutanen da ke mayar da sana'ar gado abin kallon baƙi don ta rayu, ba Argungu kaɗai ke da shi ba. A yammacin Amurka, wasu makiyaya 'yan gida ɗaya, su Howard Eaton, sun fara karɓar kuɗi daga baƙin birni da ke son hawan doki da zaman garke tun shekarun 1880 a yankin Dakota, daga baya suka koma Wyoming a 1904. Da darajar shanu ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, makiyaya da yawa suka bi sahunsu, har suka kafa ƙungiya a Montana a 1926 da taimakon kamfanin jirgin ƙasa. Bambancin a fili yake. Can mai garke ne ke da wurinsa, baƙo ya biya shi kai tsaye ya kwana mako guda. A Argungu kogin na jama'a ne a hannun sarauta, kallo ba na sayarwa ba ne tun farko, kuma kuɗin da ke zuwa hannun gwamnati yake biyowa. Wannan ya ba bikin girma, ya kuma ɗaure shi da ƙafar siyasa.

Girman ya zo ne a zamanin Sarki Muhammadu Mera, wanda ya hau karaga a 1959 ya yi shekara 37. Shekara guda kafin hawansa, a ranar 1 ga Yuli 1958, an buɗe tsohuwar fadar garin a matsayin gidan tarihi na Kanta, bayan sarauta ta koma sabon gida a 1942. A cikinsa akwai tambura da sulke da masu da takubba da kayan su, kuma nan ne makwancin sarakunan da suka gabata, don haka masu kula da shi ba sa ɗaukar sa ɗakin ajiye tsofaffin kaya. A 1970, da ƙarewar yaƙin basasa, Janar Yakubu Gowon ya halarci bikin tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar. Daga nan gwamnatin jiha ta shigo da ƙarfinta. Aka gina rumfar manyan baƙi a bakin kogi, da masaukin da ake kira ƙauyen masunta, da otal ɗin Grand Fishing Hotel. Aka ƙara baje kolin amfanin gona, da hawan daba, har da tseren motoci.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi ya zama hedikwata, sai tarihi ya yi wani juyi mai ban dariya. Garin da aka kori Kabawa daga cikinsa a 1805, inda Sarkin Gwandu ke zaune yau, shi ne ya zama zauren Argungu. A filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello baƙi ke sauka, da yawansu a otal-otal ɗin Birnin Kebbi suke kwana, da safe su kama hanya ta kimanin kilomita 50. A Argungu kuwa, idan masaukai sun cika, gidajen mutane ne ke ɗaukar sauran. Masuntan da suka zo daga Augie da Yawuri da ƙetaren iyakar Nijar ba sa neman otal. Kowa yana da mai masaukinsa, galibi wanda ubansa ya sauki uban wancan, kamar yadda fatoma ke sauke fatake a kasuwar Jega a zamanin cinikin goro. Mata masu tuwon shinkafa da masu soya kifi da 'yan acaɓa kan yi cinikin da ba sa yi a wata uku.

Babbar barazanar ba daga baƙi ta fito ba, daga saman gulbi ta gangaro. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Ambaliyar da ke shimfiɗa ruwa kan fadama, inda kifi ke zuba ƙwai, ta ragu, lokacinta kuma ya koma hannun masu buɗe ƙofar dam. Yashi ya yi ta cike gurabe. A 2006 ba a yi sun ba saboda ƙarancin ruwa. A 2008 aka yi abin kunya: an ƙwace kambu daga wanda ya zo na ɗaya, bayan bincike ya nuna kifinsa mai kusan kilo 66 ya daɗe da mutuwa, daga wani wuri aka shigo da shi. Masuntan gari ne suka tayar da maganar, don mai sana'a ba ya kasa bambanta kifin da ya fito ruwa yanzu da wanda ya kwana. Kyauta ta yi tsoka, ga kuɗi ga mota ga kujerar Makka, dole a samu mai son yanke.

Bayan bikin 2009 sai aka yi shiru na shekara goma saboda matsalar tsaro a Arewa. Ciyawa ta rufe masaukai. A wannan tsakanin hankalin jihar ya koma kan shinkafa: a Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Nuwamba 2015, aka kuma buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Matashin da zai gaji homa ya ga injin ban ruwa ya fi kawo kuɗi. Abin mamaki, a tsakiyar wannan shirun ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. Takardar hukumar ta ambaci Sarkin Ruwa da Homa a matsayin waɗanda ilimin kogin ke bi ta gidajensu, abin da ya zama shaida cewa shekarun da babu ɗan kallo ko ɗaya ba su sa an saki ruwan ba.

An dawo a watan Maris na 2020, a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu da Sarki Sama'ila Muhammadu Mera, wanda ke kan karaga tun 1996. An kira shi biki na 60. Kifin da ya ci gasar ya kai kilo 78, ya ɗara na 2005 mai kilo 75. Makonni biyu kafin nan aka samu mutum na farko mai cutar korona a Legas, kuma kafin watan ya ƙare an rufe filayen jiragen sama da iyakokin ƙasa. Baƙi suka watse, aka kwashe rumfuna, aka jingine goruna a zaure, Matan Fada ya koma hannun Makwashe a rufe.